Ƙarƙashin Kafet ɗin Fidelis

Matthew kafinta ne ya gina dandamalin, a bakin kogin Kontagora, daidai inda gaɓa ta yi tsayi. Katako ya jera a kan ginshiƙai, gefe ɗaya na taɓa ƙasa, ɗaya gefen na shawagi a saman duwatsu da ruwa. A ƙarƙashi ya kwantar da wani dogon gungume guda, tun daga gabas har yamma, shi ke ɗauke da komai. Da Matthew ya rasu, danginsa suka zo daga Rijau suka ja layi da fenti a tsakiyar wurin. Gabas na matarsa Eunice, ta ci gaba da soya kifi. Yamma na ƙanensa Fidelis, wanda ya kawo talabijin da firiza da janareta ya buɗe gidan kallon ƙwallo. Suka kuma faɗa wa Eunice a gaban kowa cewa katako aka ba ta, ba ƙasa ba. Muddin katakon na tsaye, wurin nata ne. Ranar da ya faɗi, ta kwashi 'ya'yanta ta koma ƙauye.

Shi ya sa ba na jin akwai katakon da ya ga kulawa a garin nan kamar nata. Daminarmu ba ta tausayin itace. Ruwa ya sauka da asuba, kafin hantsi rana ta fito ta dafa shi, tururi ya riƙa tashi daga gaɓa kamar an buɗe tukunya, riga ta manne wa mutum a baya. Eunice takan durƙusa da buroshi da ruwan sabulu ta goge gansakuka, sannan ta bi tsakanin katako da katako da wata tsohuwar wuƙa tana fitar da laka da ƙayar kifi, don ruwa ya sami hanyar zuba. In wurin ya bushe sai ta shafe shi da baƙin mai da take roƙowa wurin makanikai. Sashenta warin gareji yake yi, kuma in ka kuskura ka zauna a ƙasa da farin wando ka yi sallama da shi. Amma gara ba ta kusantarsa.

Fidelis ba ya son warin. Ya je kasuwa ya sayo kafet ɗin leda mai zanen jajayen furanni, ya shimfiɗa a nasa sashen, ya bi gefe-gefe da ƙananan ƙusoshi ya danne shi tsaf. Gaskiya ya yi kyau. Wasu har takalma suke cirewa kafin su taka.

Ni Abdulƙadiri, wurin zamana ƙarƙashin dandamalin ne. Da sunan kamun kifi nake zuwa da fatsa, amma yawanci kallo nake yi. A can na taɓa ganin ƙadangare mai wutsiya biyu, kowace na kaɗawa da nata ra'ayin. A can kuma na gane cewa katako in rana ta buge shi bayan ruwa yakan yi wani ɗan nishi, kamar mai barci ya juya. Wata rana a tsakiyar damina na ɗaga kai, sai na ga kunnuwa.

Kunnuwa ne sosai, masu launin ƙasa, masu taushi, har da lanƙwasar nan ta ciki. Naman kaza ne ya tsiro a jikin gungumen, a ƙarƙashin sashen Fidelis, manya da ƙanana sun jeru kamar suna sauraren abin da ake faɗa a sama. Daga gindinsu wasu fararen zaruruwa sun bazu sun nufi gabas. Ruwa na ɗiga ta wurin, alhali ranar ko yayyafi ba a yi ba. Na danna yatsa a jikin itacen, ya shige kamar burodin da ya jiƙa a shayi.

Na hau sama da murnata.

"Maman Success, zo ki ga abin mamaki. Katakonku ya yi kunne."

Da sunan babbar 'yarta muke kiranta. Tana feɗe tarwaɗa, ba ta ko ɗago ba.

"Baba, yau kuma me ka gano? Wancan karon ƙaguwa ce mai salla."

"Wannan ya fi ƙaguwa. Zo."

Ta wanke hannu ta biyo ni. Na zaci za ta yi dariya, amma da ta ga wurin sai ta zaro wuƙarta. Ta soka wuƙa a gungumen, wuƙar ta nutse har ƙota. Ta matsa gabas ta sake sokawa, ta sake matsawa, har ta zo inda itacen ya ƙi karɓa. Daga nan zuwa ginshiƙinta na farko saura kaɗan.

Da la'asar, masu kallo sun fara cika kujeru, ta tsaya a kan layin fenti ta kira Fidelis.

"Ƙaramin miji, zo mu yi magana."

"Matar Yaya, in zancen aure ne ki bari sai an tashi wasa."

"Ledar nan taka ce. Ruwa na shiga ƙarƙashinta, ba ya fita. Katakonka ya ruɓe, ruɓar ta kama gungumen yayanka. Ka ɗage ta wurin ya sha iska, a canza abin da za a canza."

"Wa ya ce?"

"Idona. Sauka ka gani."

"In sauka cikin laka da wannan takalmin?" Ya juya wajen masu kallo. "Ku ji fa. Wadda ta mayar da wurin cin abinci gareji ita ce za ta koya min tsabta."

Aka yi dariya. Ita ma ta ɗan murmusa, don an saba irin wannan tsakaninsu.

"Gungume ɗaya ne ya ɗauke mu, Fidelis. In naka ya tafi, da nawa zai tafi."

"To ai ƙauye na nan. Dawa na jiran mai noma."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ta daɗe tana kallonsa.

"Abin da kake jira ke nan?"

"Ni ban ce ba. Amma ki ji da kyau. Duk hannun da ya taɓa kafet ɗin nan sai na karya shi, ko na wane ne."

Ta buga wa babban gidansu waya a Rijau. Ya ce ta yi haƙuri sai an yi girbi, za su zo su duba. Ruwa kuwa bai san da girbi ba. Ya yi ta sauka, kunnuwan suka yi ta ƙaruwa, wasu har suka kai faɗin tafin hannuna.

Ranar da abin ya faru ina ƙasa da safe, rana ta fara zafi, sai na ji ƙarar leda na yagewa a bisa kaina. Kafin in hau, Eunice ta riga ta tsaga kafet ɗin gida biyu da wuƙa, tana durƙushe tana zare ƙusoshi da filaya. Ta ajiye bokitin baƙin mai a gefe da buroshinta. Abin da ke ƙarƙashin jajayen furannin nan ba zan manta da shi ba. Katakon ya yi baƙi wuluk, ya yi yauƙi, fari-farin funfuna ya zana a kansa wani abu kamar taswira. Gara ta yi hanyoyinta. Shanshani suna gudu ta ko'ina suna neman duhu, wata kunama ta fito da 'ya'yanta a baya tana tafiya a hankali kamar mai zuwa biki. Wari ya tashi irin na tsohuwar rijiya.

Ina cikin kallon kunamar babur ya tsaya a bakin hanya. Lukuman ɗan acaba ne ya kawo Fidelis.

Fidelis ya sauka daga babur. Ya tako ya haure ta a haƙarƙari tana durƙushe. Ta kifa, bakinta ya daki katako, filayar ta yi tsalle. Kafin ta juya ya taka mata wuyan hannun dama.

"Wanne ne ya taɓa? Wannan ne?"

Ya ɗaga ƙafa ya sauke da dunduniya. Na ji ƙarar, irin ta busasshen kara. Eunice ba ta yi ihu ba, iska kawai ta ja ta tsakanin haƙora.

Na kama rigarsa ta baya na ce, "Ɗana, matar yayanka ce." Ya mako min gwiwar hannu a ƙirji, na tafi da baya na zube cikin kujerun roba. Hulata ta faɗa kogi. Ina kwance ina kallonta tana juyi a kan ruwa, numfashina ya ƙi dawowa.

Da na iya ɗago kai, Eunice ta kai hannun hagu ga bokitin. Ta watsa masa baƙin man a fuska, gaba ɗaya. Ya rufe ido yana tari, man na bin wuyansa yana shiga riga. Ya lalubo kujera ya riƙa kai duka ba ya gani. Kujerar ta daki shingen katako ta fashe, ya rage da ƙafa ɗaya mai kaifi a hannunsa. Lukuman ya rugo yana cewa, "Oga, ya isa, ya isa haka," sai ƙafar kujerar ta same shi a goshi ta tsaga. Ya ja da baya yana dafe da fuska, jini na fita ta tsakanin yatsunsa.

Eunice ta miƙe da ƙyar ta ɗauki buroshi ta buga wa Fidelis a kunne, ta ƙara masa a hanci. Ya kai hannu ya cafko ɗankwalinta haɗe da kitso, ya gwara kanta a jikin firiza, ya sake gwarawa. Ta cije shi a damtse ta ƙi saki, sai da ya naushe ta a ciki. Ta durƙushe. Ya ja ta da gashi har tsakiyar inda ta yaye ledar, ya sake ta a nan. Ya goge ido da bayan hannu. Hancinsa na zubar da jini, jinin na gauraya da man.

"Ruɓa kika ce? Ina ruɓar? Nuna min."

Ya buga ƙafa a katakon.

"Yayana ne ya kafa wannan. Kin fi ni sanin aikin yayana? Ga shi nan. Ga shi."

Ya buga, ya buga, sannan ya yi tsalle ya dira da ƙafa biyu.

Katakon bai ma yi ƙara sosai ba. Buɗewa ya yi kawai. Fidelis ya shige har kugu, ya tsaya cak, sai a lokacin ya yi wani kuka da ban taɓa jin babban mutum ya yi ba. Wani karyayyen katako mai doguwar ƙusa ya soke shi a cinya ya riƙe shi. Eunice ta mirgina gefe ta ja jiki zuwa gabas. Daga ƙasa gungumen ya yi wata doguwar ƙara, sashen yamma ya sunkuya wajen kogi. Firiza ta fara zamewa. Janareta ya gangara ya tsinke shinge ya tsaya rabi a waje. Kujeru suka bi juna suna faɗawa ruwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a sashen Eunice na gan shi. Kan ƙusoshinta ne suka fara fitowa daga katako a hankali, a jere, kamar masara ta tsiro. Yamma na nutsewa, gungumen na jan gabas. Katakan da ke kan layin fenti suka ɓalle suka tashi, gungumen ya bayyana a fili, ya lanƙwashe kamar baka.

Eunice ta rarrafa wajen murhunta ta ɗauko gatarin da take faskare da shi. Hannun dama na reto, bakinta ya kumbura, ido ɗaya ya rufe. Ta zo ta tsaya a bakin layin da gatari a hagu. Fidelis ya gan ta.

"Matar Yaya," ya ce a hankali. "Maman Success. Don Allah."

Ba ta dube shi ba. Ta ɗaga gatarin ta sara gungumen, daidai inda itacen ke da sauran lafiya.

Lukuman ya ce, "Madam, in kika datse shi da mutumin zai tafi. Duwatsu ne a ƙasa."

"Na sani."

Ta sake sara. Mutane sun taru a bakin hanya, masu wanki da 'yan acaba da mata masu tallar gyaɗa, kowa na ba da shawara, ba mai taka katakon. Fidelis ya tokare da hannuwa biyu a bakin ramin, hannuwan na santsi da mai. Ya daina roƙo. Sunan yayansa yake kira.

Ta ɗaga gatarin karo na gaba, ta tsaya da shi a sama. Ta waiwaya ta dubi ginshiƙinta na bakin ruwa, wanda ya fara karkata, ƙasa na tsagewa a gindinsa. Ta dubi Fidelis. Sai ta zagi uwar wani, ban san ko wane ne ba, ta yar da gatarin. Ta kwance zaninta na sama ta wurga masa gefe ɗaya.

"Ɗaura a hammata."

"Ƙusa ce a cinyata."

"Ɗaura."

"Za ta yage ni."

"Za ta yage ka. Ɗaura, ko in koma ga gatarina."

Ya ɗaura. Lukuman ya kama gaba, ni na kama bayansa, Eunice ta naɗe ƙarshen zanin a damtsen hagu ta tokare ƙafa da ginshiƙin rumfa. Muka ja. Bai motsa ba, ihu kawai ya yi. Muka sake ja, na ji abin ya saki, irin sakin da fatsa ke yi in ta fita daga bakin kifi da tsoka a jikinta. Ya taho a kan cikinsa yana zamewa cikin mai da jini har ya ƙetare layin. Cinyar ta buɗe tun daga sama har kusa da gwiwa. Lukuman ya warware zanin ya ɗaure wurin, ya danne da gwiwarsa yana kiran a kawo keke napep.

Wannan ɗan lokacin da muka ɗauka shi ya cinye mata kusurwa. Ginshiƙin bakin ruwa ya tumɓuke da ƙasarsa. Katakan da ke kansa suka karye, murhu da kaskon suya da kwandon kifi suka tafi tare. Sauran ginshiƙan suka fara amsawa.

Ta koma ga gatarin. Na ce ta ba wani mai hannu biyu, ta dubi taron, ba wanda ya matso. Lukuman ba zai iya ɗage gwiwarsa ba. Sai na zagaya na rungume kugunta ta baya, na zauna da nauyina don kada ta bi gatarin ta faɗa. Ta yi ta sara. Wasu saran na zamewa, wasu na kamawa. Duk sara ɗaya sai karyayyen hannun ya kaɗa, sai na ji jikinta ya ƙame a hannuna, sannan ta sake ɗagawa. Gumi da jini na ɗiga a kan wuyana. Ɓaraguzan itace na buga mana fuska, jajaye, masu ƙanshi, don nan ruɓar ba ta kai ba.

Ba ta gama sarewa ba ya ƙarasa da kansa. Ya tsage da ƙara kamar harbi, ya fizge gatarin daga hannunta. Sashen yamma ya tafi gaba ɗaya. Firiza ta daki dutse ta buɗe, kwalaben lemo suka watse. Janareta ya nutse nan take. Talabijin ɗin ne ya ɗan yi iyo, fuskarsa a sama, gajimare na wucewa a cikinta, kafin ruwa ya juya shi. Ƙarƙashinmu katako ya yi girgiza, ya koma ya zauna. Muka jira. Bai sake motsi ba.

Fidelis ya daɗe a asibiti. Ya fito da sanda, kuma har yau ƙafar ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata. Eunice wurin mai ɗori ta je. Haƙoranta na gaba sun tafi.

Dangin ba su jira girbi ba. Suka zo cikin satin, maza tsofaffi da matar Fidelis, wadda ta ƙi hawa ta tsaya a bakin hanya tana faɗar abin da ke bakinta. Eunice ta shimfiɗa musu tabarma a kan abin da ya rage. Wani ya ce wurin ya faɗi, kowa ya gani, sharaɗi ya cika. Wani ya ce ai rabin Fidelis ne ya faɗi. Na farkon ya ce ita ta sare shi da hannunta, kuma kusurwarta ma ta tafi. Suka juya harshensu na gida, muryoyi suka hau, ni dai ban ji komai ba sai sunan Matthew da ke fitowa jefi-jefi. Eunice na zaune nesa kaɗan, hannu a ɗaure da karare, ba a tambaye ta ba.

Babban gidan, wani tsoho mai farin gashi a kunne, bai sa baki ba sai da suka gaji. Ya tashi ya taka har bakin inda gungumen ya yanke, ya leƙa ƙasa ya daɗe. Ya dawo ya zauna a wurinsa, ya buga tafin hannu a katakon, ya duba hannun ya ga ya yi baƙi, ya goge a tabarma. Da Hausa ya yi magana, ina jin don mutanen bakin hanya su ji.

"Tun safe muke zaune a kai. Ni ban ji na faɗi ba."

Matar Fidelis ta tofar da yawu ta tafi neman abin hawa.

Tsohon ya juya wajen Eunice. "Ki sa shinge a bakin can kafin wani ya tafi da baya."

"Sai hannu ya warke, Baba."

"Zai warke?"

Ta ɗaga hannun ta gwada motsa yatsun. Babban yatsa ne kaɗai ya amsa.

"Mai ɗori ya ce a jira."